Bayan Talata

Akwai wata mata a wajen Gumel, Iya Dije, mai 'ya'ya uku da ciwo guda a zuciya. Yayanta Tanko ya bi fataken goro tun tana rarrafe, bai dawo ba. Uwarsu ta rasu tana kallon ƙofa.

Babbar 'yarta, Rakiya, malamar jami'a ce. Aikinta bin Hausawan da suka bar gida, tana tambayar su wane ne su yanzu. Iya Dije ba ta gane wannan aiki ba. Kullum faɗa take: "Ke Rakiya, boko har ya kai ki tambayar tsofaffi inda suka fito? Ki dai riƙa cin abinci." Rakiya ta yi wata huɗu a zangon Kumasi, ta ɗauko muryar tsofaffi sittin. Cikinsu har da wani mai gyaran takalma da ake kira Baba Goro, wanda ya manta sunan ƙauyensu.

Ta biyu, Hindatu, ɗinki take yi, amma ita ke taya yayarta rubuta muryoyin. Tana cikin saurare sai ta ji tsohon ya ce, "Ran bayan Talata na bar gida." Ta saki biro. Kakarsu, uwar Iya Dije, ba ta taɓa cewa Laraba ba, don sunan surukarta ne; bayan Talata take cewa. Ta ruga ta sa wa uwar a kunne. Iya Dije ta zauna a ƙasa, ta ce, "Sake sa mini."

To, ashe tsohon Tanko ne, amma ba shi da takardar zama ɗan ƙasar can, ba shi da ta nan. Sai autan, Nuhu direba, ya ajiye motarsa, ya bi dattawan ƙauye har ya samo biyu da suka shaida haihuwar Tanko. Ya sha zaman benci a ofisoshi wata uku, sannan ya je ya ɗauko kawunsa.

Da suka haɗu, tsohon ya daɗe yana duban ta, ya ce, "Dije, ke ce har da furfura?" Ya zare zoben azurfar ubansu, ya sa mata a tafin hannu. "Ki ba wanda ya dawo da ni."

Har yau zoben na ƙulle a bakin zanenta. In ta dubi ɗaya cikin 'ya'yan, sai tausayin sauran biyun ya kama ta.

To jama'a, ku taimaki Iya Dije: wa za ta miƙa wa?