Kofi Biyu na Gishiri

Ƙawata Waltraud, matso kusa. Akwai wata maƙwabciyata, Irmgard, wadda duk ƙauyenmu ba mai haɗa kabejin tsami kamarta. Kowane Oktoba takan yanka kabejin lambunta, ta danna a randa da gishiri, kafin Kirsimeti ya yi tsami.

Bara ciwo ya kwantar da ita, kabeji kuwa ya isa yanka. 'Yarta Silke ta taso daga birni da sikelinta a jaka.

"Mama, gishiri nawa kike zubawa?"

"Kofi biyu ga kilo goma. Kama ni mu je kicin, in nuna miki kofin da irin gishirin."

Silke ta yi dariya. "Haba Mama, wa ke awo da kofi yanzu? Ki kwanta abinki, waya za ta faɗa mini giram nawa ne."

"To, Farfesa," in ji tsohuwar, ta juya fuskarta bango.

Waya ta ce kofi ɗaya giram ɗari uku ne. Silke ta auna ɗari shida cif, ta zuba, ta rufe randa. Abin da ba ta sani ba, wayar garin gishiri take nufi, a babban kofi. Na uwarta ɗan kofin shayi ne, gishirinta kuma mai manyan ƙwayoyi, wanda kan cika kofi ba nauyi. Ashe Silke ta ninka gishirin sau uku.

Cikin Nuwamba Allah ya karɓi Irmgard.

Mijinta Ottmar bai yi kuka a gaban mutane ba. Kullum dai sai ya sauka ɗakin ƙasa ya duba randar. Kabeji na ƙarshe ke nan da hannun matarsa ya shuka, yana jiran ya ci.

Ranar Kirsimeti sun gayyace ni. Silke ta dafa shi da dankali, ta kai loma ɗaya baki, ta tsaya. Babu tsami ko kaɗan, gishiri zalla har yana ƙona harshe.

"Baba, kada ka ci. Na ɓata shi." Ta ture farantinta. "Mama ta ce in kai ta kicin, na ƙi."

Ottmar ya ci gaba da tauna, yana korawa da ruwa.

"Ke dai ƙaro mini. Uwarki ma haka ta yi shekarar aurenmu, sai da na sha rabin rijiya."

Silke ta yi dariya cikin hawaye. Ya cinye faranti biyu.

Da ya rako ni bakin ƙofa na ce, "Ashe Irmgard ta taɓa kuskure?"

Ya girgiza kai. "Shekara arba'in da bakwai, ko sau ɗaya. Amma na rasa matata, ba zan bar 'yata ta tafi da wannan nauyin ba."

A nan ya fashe da kuka.

Darasi: Idan babba ya ce zo in nuna miki, tashi ki je. Sikeli na nan gobe, shi kuwa ba lallai ba. Allah ya ba mu ikon sauraron iyayenmu tun suna da rai.

Ki isar da darasin ga duk mai uwa a raye. Amma maganar bakin ƙofa, don Allah kada ki faɗa wa kowa. Silke har yau ta yarda da babanta.