Sunan da Ba Ya Kan Dutse

Akwai wani mutum, akawu ne a wani ofishi na babban gari. Tun kafin a haife shi aka yi wani yaƙi a ƙetaren teku, aka kwashi samarin ƙasarsa aka kai su can, da yawa kuwa ba su dawo ba. An binne su inda suka faɗi, a ƙasar da iyayensu ba su taɓa jin sunanta ba.

Bayan shekaru masu yawa hukuma ta ce za a kafa dogon dutse a tsakiyar gari, a sassaƙa sunayen waɗanda suka mutu. Aka ba akawun nan aikin tantance sunayen. Shi zai duba tsofaffin takardun soja, ya nemi dangin kowane mamaci, ya tabbatar sunan da za a sa shi ne na gaskiya, gama abin da aka sassaƙa a dutse ba ya gogewa. Mutum ne mai kula. Yakan karanta takarda har sai idonsa ya yi ruwa, sa'an nan ya sake karantawa.

Wata rana ya iske takardar wani soja da aka rubuta masa Bawa Doka. A zamanin da, in saurayi ya zo shiga soja, akan rubuta sunan da ya faɗa, a haɗa masa da sunan garin da aka ɗauke shi, ko da ba can aka haife shi ba. Saboda haka Doka ba sunan ubansa ba ne, gari ne kawai da ya tsaya a layi. Takardar ta ce jan mutum ne, dogo, da tsaga a kumatu. A ƙasa, inda ake sa wanda za a sanar in mutum ya mutu, an rubuta: matarsa Tabawa, da sunan wani ƙauye a bayan duwatsu.

Akawu ya tashi ya tafi ƙauyen. Ya tarar da wani tsoho ƙarƙashin ɗorawa yana gyaran ƙotar fartanya, ana ce da shi Baba Korau. Suka gaisa, akawu ya ce, "Baba, gidan su Bawa nake nema, wanda ya tafi yaƙi bai dawo ba."

Tsohon ya ce, "Ba mu da Bawa. Mutum ɗaya ne ya tafi daga garin nan, wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Jatau ake ce masa."

Akawu ya duba takardarsa. "Jan mutum, dogo, da tsaga a kumatu?"

"Shi ne. Ai jan ne ya sa ake ce masa Jatau."

"Sunan matarsa Tabawa?"

"Tana nan da ranta, ga gidan 'ya'yanta can. Ta fi ni ƙarfin baki."

"To, ta yaya Jatau ya zama Bawa?"

Baba Korau ya ajiye ƙotar. Ya ce, "Gudu ya yi, Malam. Babanmu ya hana shi tafiya. Ina jin ya ari suna ne a hanya don kada a bi sawunsa a komo da shi."

Akawu ya ce, "Ashe sai in soke Bawa in sa Jatau."

"A'a. Jatau ai laƙabi ne, na abokan kokawa. Ba shi aka raɗa masa ba."

"To, wane aka raɗa masa?"

Tsohon ya sosa kai. Ya ce, "Ka ga, ɗan fari ne. Innarmu ba ta taɓa kiran sunansa ba har ta koma ga Allah, sai dai ta ce, yaron nan. Babanmu ma haka. Mu ƙanne Yaya muke cewa. Ina ƙarami ya tafi. Yanzu da ka tambaya, Malam, sai na ga ni kaina ban taɓa ji ba."

Akawu ya ji kansa ya ɗaure. Ya zo da suna ɗaya, yanzu yana da biyu, ba kuwa na gaskiya a ciki. Ya ce ko akwai littafin aure a majami'a. Aka ce gara ta cinye shi tun majami'ar tana ta ciyawa. Baba Korau ya ce, "Ranar ɗaurin aure malamin majami'a ya kira sunan, sau ɗaya. Waɗanda suka ji duk sun mutu, sai amarya. Zo mu je."

Suka tarar da Tabawa zaune a kan tabarma tana ɓare gyaɗa. Ta tsufa ƙwarai. Damina ɗaya kawai ta yi da sojan. Da labarin mutuwarsa ya zo ta jira, daga baya ta auri wani, ta haifi 'ya'ya, shi ma ya rasu, yanzu tana gidan babban ɗanta.

Baba Korau ya ce, "Matata, ga baƙo na kawo miki daga birni. Ki gyara ɗankwali."

Ta ce, "Wa zai aure ka, kai da haƙori bai fi na jinjiri ba? Sannu da zuwa, ɗan nan. A ba shi ruwa."

Akawu ya durƙusa ya bayyana mata komai: dutsen, da takardar, da sunan aro. Ya ce, "Iya, ya ɓoye nasa sunan, amma bai ɓoye naki ba. Ga shi nan, Tabawa. Da shi na same ki."

Hannunta ya tsaya a kan gyaɗar. Ta ce, "Haka ya faɗa musu?"

"Haka ya faɗa. Yanzu ke kaɗai kika rage da kika san sunansa. Ki faɗa mini in rubuta."

Ta kau da kai. Ta ce, "Maigidana ne."

"I, Iya. Sunansa fa?"

"Ɗan nan, a gidanku mace tana kiran sunan mijinta na fari? A gaban ƙanensa, a gidan 'ya'yan wani?"

Baba Korau ya ce, "Sai in toshe kunne."

"Kunnenka ai ya daɗe a toshe. Ba don kai ba ne."

Akawu ya ce, "To, in kira sunaye ɗaya bayan ɗaya, in na kai kansa ki ɗaga kai?" Ya fara. Ya kira na ranaku, ya kira na damina da na rani, ya kira na annabawa da na manzanni. Ita kuwa tana ta ɓare gyaɗa, kanta a sunkuye. Sau ɗaya ya ga kamar kafaɗarta ta motsa, ya koma baya ya maimaita, amma ba ta ƙara motsi ba, har shi kansa ya rasa a kan wane suna ne. Ya miƙa mata fensir, ta ce ba ta yi makaranta ba. Ya ce ta raɗa wa surukarta a kunne, ta ce wannan ai faɗi ne da bakin wani.

A ƙarshe ya ce, "Iya, in ban koma da suna ba, Bawa Doka za a sassaƙa. Ba kuma za a iya gyarawa ba."

Ta ture gyaɗar gefe. Sa'an nan ta ce, "Bakin nan bai taɓa kiran sunan ba yana raye. Ban san yadda zai fara yanzu ba."

Akawu ya koma birni da baƙin ciki. Ya gaya wa shugabansa. Shugaban ya ce, "Ba mu da ikon sa laƙabi, ba mu da ikon barin gurbi. Abin da takarda ta ce shi dutse zai ce." Aka sassaƙa Bawa Doka. Akawu dai ya aika wa Tabawa da Baba Korau takardar gayyata, ko da yake bai san a matsayin dangin wa yake gayyatarsu ba.

Ranar buɗe dutsen ta zo. Aka taru a fili da rana tsaka, ga sojoji, ga manyan gari, ga dangi daga ƙauyuka. Tsarin kuwa shi ne, wani hafsa zai kira kowane suna, dangin mamacin su tashi su ce, "Namu ne." Akawu yana gefe da fensir, yana sa alama a gaban duk sunan da aka amsa.

Hafsan ya kai kan layin ya ce, "Bawa Doka."

Ba wanda ya tashi. Baba Korau ya dubi Tabawa, ya dubi akawu, ya ɗan ɗaga daga kujera ya koma, gama bai san ko wansa ake kira ba ko wani baƙo.

Hafsan ya maimaita, "Bawa Doka." Ya ɗaga takarda zai wuce zuwa na gaba, kamar yadda ya wuce waɗanda ba su da kowa.

Sai Tabawa ta dafa sandarta ta miƙe. Ɗanta ya kama hannunta, ta janye. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta, ta ce yadda kowa ya ji, "Istifanus."

Hafsan ya duba takardarsa sama da ƙasa. Ya ce wa akawu a hankali, "Akwai Istifanus a nan?"

Akawu ya ce, "Babu, ranka ya daɗe. Wato, akwai. Shi ne wanda ka kira."

"To, an amsa ko ba a amsa ba?"

Akawu ya tsaya da fensir a sama, ya rasa abin da zai sa. Baba Korau kuwa yana zaune yana juya sunan a bakinsa, "Istifanus, Istifanus," kamar mai ɗanɗana abincin da bai saba ba, hawaye na bin tsagarsa.

Da taro ya watse akawu ya kai Tabawa gaban dutsen, ya ɗora yatsanta a kan layin. Ya ce, "Iya, da kin faɗa mini a gida, da shi ne a nan. Zan rubuta wa na sama, amma mai sassaƙa ya ce dutse ba ya karɓar gyara."

Ta shafa harufan da tafin hannu. Ta ce, "A gida ba wanda zai tsallake shi. A nan ne na ga za a tsallake shi." Ta sauke hannunta. "Bar dutsen, ɗan nan. Dutse bai san shi ba."

Ma'anar wannan misali ita ce, kowane ɗayanmu yana yawo da sunaye da yawa. Akwai wanda takarda ta ba mu, akwai wanda abokai suka laƙaba mana, akwai wanda muka ara don mu guje wa gida. Dutsen shi ne tunawar duniya. Duniya takan yi ƙoƙari, takan kuma yi kuskure, kuskurenta kuwa yakan daɗe. Sunan gaskiya yana wurin wanda ya ƙaunace mu. Ubangiji ya san nasa, ba da lamba ba, ba da sunan garin da suka tsaya a layi ba. A ranar da za a kira sunaye duka, ba zai duba takarda ya rasa ba, ba kuwa zai tsallake kowa don an rasa mai amsawa.

Akawun shi ne duk mai yin ƙaramin aiki da aminci saboda waɗanda ba za su iya gode masa ba. Kada ku ce ya kasa. Bai gyara dutsen ba, amma da bai hau hanyar ƙauyen nan ba, da tsohuwar ba ta zo fili ba, da Baba Korau ya mutu bai san sunan wansa ba.

Game da Tabawa kuwa, za ku tambaye ni ko ta yi daidai da ta yi shiru a gida. Na daɗe ina tunani, ban sami amsa ba. Kunya abu ne mai kyau, da ita aka rene mu. Uwarsa ta girmama shi da shiru, ubansa haka, ƙannensa haka, matarsa haka. Ba wanda ya ƙi shi, duk da haka saura kaɗan sunansa ya ɓace daga duniya a hannun masu ƙaunarsa. Wannan abu yana da wuyar ganewa, ba kuwa zan yi kamar na gane shi duka ba.

Abin da na sani shi ne, a gidajenku akwai tsofaffi da suke riƙe da sunayen da ba su a bakin kowa. In kun koma gida yau, ku zauna kusa da su ku tambaya, a hankali, ba a gaban mutane ba. In sun faɗa, ku rubuta da kyau, ku duba harufan. In sun kau da kai, kada ku matsa musu. Ku koma wata rana, tun suna nan.