Wutsiyar da Karnuka Suka Kawo

Ga ta nan, ga ta nan ku, ku matso!

Ta zo mu ji ta, ko da ɗaci.

"Ƙarya kike, Akuya!" in ji Tunkiya, tana wani lanƙwasa murya. "Tun da Zaki ya tura karnuka yaƙin kuraye nake barci har da minshari."

"Barcin wauta, Yaya Tunkiya. Wane mayaƙi ne sai an buga masa gangar farauta zai fita? Kura na jin kiɗa ta yi gaba. Karnukan ba sa so kuraye su ƙare, don ranar Zaki zai daina ba su nama."

Akuya tana da dalilin zafi: kwana uku ke nan autanta ya tafi kiwo bai dawo ba.

Suna cikin haka sai ga karnuka da kiɗa, Dila kakakin Zaki a gaba, ya ɗaga 'yar wutsiya a kan sanda. Ya gyara murya, sai ka ce shi ya je yaƙin: "Jama'a, mun kashe shugaban kuraye! Ga shaida."

Tunkiya ta rangaɗa guɗa. Akuya ta matsa, ta shinshina, ta dubi Dila.

"Malam Dila, wannan wutsiyar autana ce."

Dila ya juya wutsiyar, ya dube ta sama da ƙasa. "To, Inna, ai godiya za ki yi mana. Yanzu dai kura ba za ta ci shi ba."

Ƙurunƙus! Kan ɓera na ɗora ta, ya shige rami da ita.