Buɗe-Mu-Gani da Amyoyin Baba

Akwai wani bakanike da kowa ke kira Buɗe-Mu-Gani. Ko gaisuwa ka tsaya yi a garejinsa, kafin ka kashe mota ya riga ya ɗaga bonet. Rediyo, agogon bango, tukunyar da ke kan wuta, babu abin da ya tsira daga hannunsa. Matarsa ta yi faɗan har ta gaji, in ta ɗora girki sai ta aza dutse a kan murfin.

Mahaifinsa kuwa mai kiwon zuma ne tun yana saurayi. Ya fara da amyar ciyawa da ake ratayewa a bishiya, daga baya ya koma ta katako mai sanduna a jere, waɗanda zuma ke yin saƙa a jikinsu. Da ƙafafun Baba suka daina ɗaukarsa, sai ɗan ya dawo da shi gidansa, har da amyoyin da ya ƙera da hannunsa. Jijjigar hanya ta ɓata wa zumar rai, ba a jima ba ta tashi ta bar amyoyin wayam.

Tun daga nan Baba ya canza. Kullum yana bakin taga yana kallon amyoyin a bayan gida. Abinci sai an yi da gaske yake taɓawa. In an tambaye shi abin da ke damunsa, sai ya ce, "Shirun gidan nan ya yi yawa."

Abin ya dami ɗan ƙwarai, don yana son mahaifinsa. Ya bugi ƙirji ya ce, "Baba, ni da nake tayar da matacciyar mota, ƙwaro ne zai gagare ni? Faɗa min yadda ake yi."

Baba ya ce, "Narka kaki ka shafe sandunan da bakin amya. Ka ajiye ta a inuwa, ka sa ruwa kusa. Yanzu lokacin fure ne, zuma na rabuwa tana neman sabon gida. In ta shiga, ka ɗauke ƙafarka. Baƙuwa ce, sai ta yi saƙa, sarauniya ta zuba ƙwai, sannan take jin gidan nata ne. Kada ka buɗe. In furen nan ya kaɗe, sai kuma baɗi."

"An gama, Baba."

Allah cikin ikonsa, wata rana da hantsi sai ga zuma ta taso duhu guda, ta yi ta kewaya gidan, ta shige amyar farko. Ranar Baba ya cinye abincinsa tas, har ya nemi ƙari.

Washegari hannun mutuminku ya fara ƙaiƙayi. Ya ce wa matarsa, "In ba a duba ba, ta yaya za a san sarauniya ta shiga?"

Ta ce, "Baba dai ya ce kada ka buɗe."

"Ai ba buɗewa zan yi ba, dubawa zan yi."

Ya ɗaga murfi da safe. Ya sake ɗagawa da yamma, wai don ya ga ko an sami ci gaba. Kafin a yi haka zuma ta kwashe kayanta ta yi gaba, ta bar masa kumburarren ido na tsaraba.

Kuna tsammanin ya saduda? Ina! Cewa ya yi rashin kayan aiki ne ya ja. Ya sayo hular raga da safar hannu, ya haɗa gwangwanin hayaƙi da kansa a gareji. Da wata zumar ta shiga amya ta biyu, ya turnuƙe ta da hayaƙi, ya dinga zaro sanduna ɗaya bayan ɗaya kamar mai duba fulogi. 'Yar sabuwar saƙar da ta fara, fara tas kamar tafin hannun jariri, ta ɓalle ta faɗi. Ita ma wannan zumar ta tafi.

Matarsa ta riƙe baki. "Haba maigida! Ko baƙon mutum ka dinga yaye masa rufin ɗaki safe da yamma, ai tattara kayansa zai yi."

Kwanon Baba dai ya koma fitowa yadda aka kai shi.

Fure ya fara kaɗewa, an cire rai, sai ga ta uku, 'yar kaɗan, ta shiga amyar ƙarshe. Buɗe-Mu-Gani ya yi rantsuwa ba zai taɓa ba. Matarsa ba ta yarda da rantsuwar ba, ta ɗauko igiyar shanya ta ɗaure murfin tamau.

Ya daure na 'yan kwanaki, wannan kam a ba shi haƙƙinsa. Sai ya fara zagaye. Ya kara kunne, ya ce kamar ƙarar ta ragu. Ya ƙwanƙwasa. Ya kwance igiya, ya ɗaga murfi faɗin yatsa, ya ga komai lafiya lau. To tunda leƙen bai ɓata komai ba, gobe ma sai a ƙara, jibi ma haka.

Kai jama'a, ni da nake ba ku labarin ma raina a ɓace yake!

Baba yana bakin taga ya ga tashin zumar ta uku. Ya bi ta da ido har ta ɓace masa. Sannan ya ce da surukarsa, "'Yata, rufe min tagar nan."

Maganar ta fi harbin zuma yi wa ɗan zafi. Fure ya ƙare, amyoyi sun koma wayam, taga a rufe.

Bayan an kwana biyu, matar tana shanya a can ƙarshen gida, inda wata tsohuwar mota take kwance, tayoyinta a sace, ciyawa ta kewaye ta. Shekara da shekaru maigidan yana cewa zai gyara ta, bai taɓa waiwayarta ba. Sai ta ga ƙudan zuma na shige da fice ta ramin fitilar baya da ta fashe.

Ta ƙwala kira. Aka ɗauko Baba da kujerarsa aka ajiye a inuwa kusa da motar. Ya rufe ido, ya karkata kai, ya daɗe yana saurare. Sai ga murmushin da aka manta da shi.

"Ta yi saƙa," in ji shi. "Ka ji nauyin muryarta? Duk faɗin gidan nan ta bincika, ta sami wuri ɗaya da hannunka ba ya zuwa."

Matar ta fashe da dariya. Shi kuwa gogan, ko ku yarda ko kada ku yarda, ya riga ya zaro makullin but ɗin bayan motar daga aljihu. "Bari dai mu ga girman..."

Baba bai ɗaga murya ba. "Ɗana, ka kore min uku. Wannan ka bar min."

Hannunsa ya tsaya cak. Ya sunkuyar da kai, ya cire makullin daga cikin sauran, ya damƙa a tafin hannun Baba.

Daga ranar a gindin motar nan Baba yake yini, yana sauraron zumarsa, yana cin abincinsa. Ya ce in fure ya dawo zai koya wa ɗan yadda ake mayar da ita amya. Furen ya dawo, amma bai tarar da Baba ba. A aljihun rigarsa aka sami makullin.

Baba bai sake ganin zuma a cikin amyar da ya ƙera ba, kuma ɗan ya san hannun wa ya hana. Har yau in zai wuce ta gaban amyoyin nan, hannayensa biyu a aljihu yake zuba su.

Darasi: Yawan leƙe ba shi ne kulawa ba. Sabon aiki, sabon gida, ɗanka da ya fara tsayawa da ƙafarsa, in ka yi naka ɓangaren sai ka janye hannu ka ba su lokaci, don rashin haƙuri kan kori abin da ka fi so ya zauna. Ku tura wa duk wani Buɗe-Mu-Gani da kuka sani, in kuma kai ne, to ga aljihu nan.