Jan Salatif

An yi wani mutum, mai gyaran keke, shagonsa na bakin wani babban titi. Abokan hulɗarsa Injiniya suke ce masa, kuma sunan ya shiga kansa sosai.

Ya 'yan uwa, kun san kekunan nan masu batir. Masu ƙera su sun sa musu wata 'yar waya da ke hana su wuce wani mizani na gudu. Injiniya ya gano wayar nan. Masu kai saƙo suka riƙa tururuwa zuwa shagonsa, ya tsinke ta, ya naɗe bakinta da jan salatif. Kowa baƙi yake amfani da shi, shi ja, don a san aikinsa ne. Keken da aka yi wa birki daidai tafiyar keke sai ya koma gudun babur, ga shi ba ya ƙara.

Kullum da azahar matarsa takan tsallako titin nan ta kawo masa abinci. Wata rana ta ajiye kwanon tana haki.

"Maigida, kekunan nan naka sun kusa kwashe ni yau. Ba a jin zuwansu, ko danja ba sa tsayawa."

Ya yi dariya, ya ce, "Ni gyara nake yi, ba ni nake tuƙi ba. Ki riƙa duba hanya."

Kun ji fa. Wa ya gaya masa wanda ya cire wa kekunan mutane linzami ba shi da kaso a abin da ya biyo baya? An koya mana cewa kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ne. To, wanda yake zuba shi a hanya kullum, me za a rubuta masa?

Ranar wata Talata, azahar ta gota, abinci bai zo ba. Ya ga taro a wurin tsallakawa, ya fita yana goge hannu. Kwanonsa ya fara gani a kife. An riga an ɗauke matarsa zuwa asibiti. Mai keken da ya buge ta yana zaune a ƙasa yana rantsuwa cewa ya matse birki, birkin ne bai riƙe ba.

Injiniya ya sunkuya kan keken don ya ga laifin wa. A ƙarƙashin sirdi ya ga jan salatif.

Ta rayu, amma ƙashin bayanta ya karye. Ya rufe shago, don babu mai juya ta a kan gado sai shi. Har yau ba ya iya haɗa ido da ita.

Yanzu keke ɗaya ya rage masa, wanda yake tura ta a ciki. In ya kai bakin titi yakan daɗe a tsaye yana dubawa, domin sauran waɗanda ya tsinke wa waya suna nan suna yawo.

Hanya amana ce, ya 'yan uwa, ga mai hawa da mai gyara baki ɗaya. Allah ya kiyaye mu daga aikin da za mu gane hannunmu a cikinsa ranar da ba ya gyaruwa. Amin.