Irin Shinkafar da Riskuwa ta Dafa

Akwai wata mata a Argungu, Riskuwa, mai ɗora bidiyon girki a shafinta. An fi saninta da gumi, wato jiƙa shinkafa mai ƙaiƙayi a turara ta a shanya kafin a kai inji. Tana yi tana raha, mutane na son ta.

Ita ta koya wa ƙawarta Ummu Hani yadda ake riƙe waya a ɗauki bidiyo, kafin aure ya kai Ummu Hani Birnin Kebbi. To, cikin ikon Allah sai mabiyan Ummu Hani suka wuce nata. Nan fa zuciyar Riskuwa ta fara tafasa.

Jama'a, hassada ba ta sallama. Kafin Riskuwa ta yi alwalar asuba ta leƙa shafin Ummu Hani. Duk yabon da aka yi wa ƙawarta sai ta ji kamar ita aka zaga. Abinci ya daina shiga, kai kullum ciwo, 'yarta Nazifa ko ruwa ta roƙa sai an daka mata tsawa.

Mijinta Musaddiq, manomin shinkafa, ya ce, "Maman Nazifa, wayar nan cin ki takai. Ki ɗan aje ta mana."

"Ai kai ba ka san mi anka yi min ba," in ji ta.

Alhali wallahi babu abin da aka yi mata.

Ranar da zai tafi Augie sarin albasa, ya nuna mata wani buhu a kusurwar ɗaki. "Wanga irin shinkafa ne na shuka, wanda Baba ya bar min. Babu mai shi yanzu ko a Gulma. Kar a taɓa."

Ta ce to, idonta na kan waya.

Bayan tafiyarsa sai ga sabon bidiyon Ummu Hani. Na me? Na gumi! Riskuwa ko rabinsa ba ta kalla ba ta jefar da wayar kan katifa.

"Gumin ma sai ta ƙwace min? Za ta ga gumi!"

Ta duba shinkafar gidan, duk ba ta yi mata kyau a kyamara ba, sai ta buhun kusurwa, ƙwaya manya tsaf. Maganar mijinta ko a ranta. Ta juye buhun duka, ta jiƙa, washegari ta ɗora tukunya, ta turara, ta shanya a tabarma tana murmushin dole.

Bidiyon ya tashi fiye da duk wanda ta taɓa yi. Abin mamaki, ba ta ji daɗin komai ba. Ta koma leƙen shafin Ummu Hani.

Musaddiq ya dawo ya ga buhu a yashe, ya dubi tabarma. Ya tsuguna ya ɗebi shinkafar a tafinsa.

"Riskuwa, kin san abin da anka dafa ba ya tsirowa?"

Sai a lokacin ta tuna. Ta fashe da kuka.

Tana cikin kuka Ummu Hani ta kira. "Ƙawata, mutanen da na turo miki sun iso? Ba ki ga ƙarshen bidiyona ba? Na ce musu ni ɗaliba ce, su je wurin malamata."

Riskuwa ta ce, "Ummu, ƙyashinki nake yi. Ya hana ni barci, ya hana ni ci. Ba ni da lafiya."

Ummu Hani ta hau mota ta zo Argungu, ta raka ta asibiti, Riskuwa ta yi wa likita bayanin damuwarta. Yanzu Riskuwa na ɗora bidiyo ta kashe data, wayar ta wuni a ɗaki. Barci ya dawo, Nazifa ta daina ɓoyewa bayan ƙofa.

Amma da damina ta faɗi, irin maƙwabta Musaddiq ya shuka. Na mahaifinsa kuwa tuwo aka yi da shi. Tuwon ya yi daɗi ƙwarai, sai dai babu wanda ya iya cinye nasa.

Darasi: Idan nasarar wani ta fara hana ka barci, aje wayar ka faɗa wa wanda ka yarda da shi, ka nemi taimako tun kafin ka dafa abin da ba zai sake tsirowa ba. Ku tura wa duk mai shafi da kuka sani, wataƙila murmushin da yake muku na dole ne.