Farar Hodar Iya Tabawa

Ku gyara zama, ga wata magana da har yau ba a gama gardama a kanta ba.

A wani ƙauye da ke gindin duwatsu akwai wata dattijuwa, Iya Tabawa, mai wasu kaji da babu irinsu a yankin: jajaye masu farin wuya, ga jure ciwo. Daga kakarta ta gaje su. Al'adar gidan ita ce mutum ɗaya tak ake damƙa wa irin, don kada ya gauraye da kajin gari. 'Ya'yanta uku ne, Barira da Sagiru da auta Hansatu, kuma ba ta zaɓi kowa ba tukuna.

Wata ranar kasuwa ta sayo farar hoda wadda aka ce tana ƙara wa kaji ƙarfi. Yadda ake aunawa yana rubuce a jikin ledar, amma Iya ba ta karatun boko. Sai ta auna yadda take auna wa awaki kanwa, cikin tafin hannu. Da ta ga kajin sun yi sanyi, gashinsu yana zuba, ta ce ashe maganin bai ishe su ba, ta ƙara hannu na biyu.

Kaza huɗu suka yi kwanci. Kwana ashirin da ɗaya suka cika, suka wuce. Iya takan durƙusa bakin akurki ta kara ƙwai a kunnenta, shiru. Sannan zakaran gidan, shi kaɗai ne, ya faɗi bai tashi ba. Maƙwabta suka ce sammu ne, a yanka sauran a binne, a ƙone akurkin. Iya ta yi kuka, ta ce to, jibi.

A gidan nan ba a fasa baragurbi. Bayan gida ake kai shi a binne, ana kau da kai. Barira aka aika. Ta isa bakin ramin, ta zauna, ta fasa na farko, ta fasa na biyu, har ta fasa su duka ta jera a faifai, ta kawo gaban uwarta.

"Ke Barira! Ba ki da tsoro?"

"Ina da shi, Iya. Amma ki duba."

Iya ta sunkuya ta duba. 'Yan tsaki ne cikakku, an gama musu fukafuki da farata, amma inda ido zai zauna fata ce sumul. Bakin sama bai fito ba, ƙafafu a murɗe. Ta shekara sittin tana kiwon kaji, ba ta taɓa ganin halitta an tsayar da ita a tsakiyar aiki ba.

Barira ta ce, "Duk iri ɗaya ne, Iya. Abu ɗaya ne ya shiga jikin iyayensu." Ta ɗauki hoto a waya ta tura wa ƙanenta, ta kuma ɓoye wuƙar gidan har sai ya zo.

Sagiru yana aiki a asibitin dabbobi a birni. Ya iso washegari, ya ɗaga kaza ya buɗe bakinta, ya shinshina.

"Iya, tafarnuwa kike ba su?"

"Tafarnuwar da ni ma ban samu ta miya ba?"

Ya bi abincin kajin ɗaya bayan ɗaya har ya kai ga ledar. Ya ɗebi dusar ya kai ɗakin gwaji, bayan kwana biyar ya dawo da amsa. Ya ce a cikin hodar akwai wani sinadari, seleniyam, shi ne ya sa bakin kajin warin tafarnuwa. Kaza ba ta rayuwa sai da shi, idan babu shi ɗan tsako ba ya iya tsayuwa. Amma abin da babban buhun abinci yake bukata bai wuce nauyin ƙwayar gero ɗaya ko biyu ba. Idan ya yi yawa sai ya gangara cikin ƙwai ya ɓata ginin da ake yi a ciki.

Iya ta tsinci ƙwayar gero a ƙasa, ta ɗora a tafin hannunta, ta daɗe tana kallo.

"Wannan? Da ita ido ya fito, in ta yi yawa ido ya ɓace? Tsarki ya tabbata ga Mai awo."

Sagiru ya zubar da abincin, ya wanke kasake, ya haɗa musu dusa da dawa zalla. Cikin mako uku kajin suka miƙe suka soma ƙwai. Sai dai ƙwai ne da babu zakara.

Hansatu tana aure a wani gari. Ranar bikinta Iya ta ba ta ɗan zakara ɗaya, na yanka ba na iri ba, kamar yadda al'ada ta yarda. Ita kuwa ta yi ta jan lokaci, yana cin gara da tsaba, bai taɓa ganin hoda ba. Saƙon 'yan'uwanta cewa babu zakaran iri ya same ta da hantsi, ranar da surukinta ya yi manyan baƙi. An ɗaure ƙafafun zakaran, ruwan figa yana kan wuta. Ta durƙusa gaban tsohon.

"Baba, a gafarce ni. Yau baƙi miyar kuka za su sha."

Ta kwance shi, ta rufe da mayafi, ta hau babur sai gidan Iya. An yi wata guda ana yi da ita a gidan mijinta.

Da kwanakin sabon kwanci suka cika, Iya ta kara ƙwai a kunne, ta ji ana ƙwanƙwasawa daga ciki, a hankali, kamar baƙo mai kunya. Ɓawon ya tsage. Wani jiƙaƙƙen kai ya leƙo, da baki cikakke, da idanu biyu baƙaƙe suna kallonta. Ta ƙirga yatsunsa sau biyu. Kafin la'asar sun zama goma sha ɗaya.

Ta kira 'ya'yanta ta ce hannunta ya soma kuskure, lokacin miƙa irin ya yi. Ta dubi Barira, wadda da ba ta fasa ƙwan ba da an yanka kajin. Ta dubi Sagiru, wanda da bai gano cutar ba da hodar ta ƙarasa su. Ta dubi Hansatu, wadda da ba ta kwance zakaran ba da irin ya ƙare a kan tsofaffin kaji.

To, jama'a, akurki ɗaya ne kuma ba a raba shi. Wa za a damƙa wa?